Ana ta maido mu daga asibiti, in biya mai jaka ya yi wa 'yata allurar rigakafi a gida?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne a Garwa. 'Yata ta cika wata tara, lokacin allurar ƙyanda ya yi. Sau biyu uwarta tana zuwa asibitin unguwa ana maido ta. Ranar farko aka ce ba a buɗe kwalba saboda yaro ɗaya, ta biyu aka ce ta shawara ta yanke. Ga shi mun ji a rediyo Amurka ta janye kuɗinta, mutane suna cewa abin da ake kawo mana yanzu ragowa ne da ya kusa lalacewa. Dama allurar cinya ta wata uku da rabi ta sa mata zazzaɓi da kumburi har kwana biyu, tun daga nan Hajiyarmu take cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai wani a unguwarmu da ake cewa ya taɓa aikin asibiti, yana bi gida-gida da jakarsa yana yi wa yara allura a kan sefa dubu huɗu. Ya ce tasa ta kanti ce, ta fi ƙarfi, kuma ba ta sa zazzaɓi. Ni kuɗin bai dame ni ba, lafiyar yarinyar nake ji. In kira shi?

Amsa

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kira shi, ko da kyauta ya ce zai yi. Jinkirin mako biyu ko uku bai ɓata wa 'yarka komai ba, kuma allurar da aka makara ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Sai dai kada jinkirin ya kai ku cikin rani, lokacin da ƙyanda ta fi yawo a wannan yankin.

Hajiya tana da gaskiya a wuri ɗaya: allurar ba ta banza ba ce, akwai wanda ya biya. Tsofaffin alluran nan, irin BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna na asibiti da ta sarƙewar haƙora da ake yi wa masu ciki, a ƙa'ida gwamnati ce ke saye daga kasafinta. Sababbin masu tsada, wato Penta mai cuta biyar, ta namoniya, ta gudawa, ta cizon sauro, Gavi, ƙawancen tallafa wa rigakafi na duniya da aka kafa a 2000, ne ke ɗaukar kaso mafi girma, ƙasa kuma ta zuba nata. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi kamar Cadi tana biyan santi 20 na dalar Amurka a kan kowane ɗauki, wato sefa ɗari da 'yan kai. Kamaru ta wuce wannan matakin, nata kason yana ƙaruwa kowace shekara. Sayen kuma yawanci ta hannun ofishin UNICEF da ke Kofanhagan ake yi, daga kamfanonin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance, irin Serum Institute na Indiya da Cibiyar Pasteur ta Dakar mai yin ta shawara. Don ka san nauyin abin, allurar cizon sauro da Kamaru ta riga kowace ƙasa sakawa a jadawalin yara ranar 22 ga Janairun 2024, farashinta a kwangilar farko ya kai yuro 9.30 ɗauki ɗaya, kusan sefa 6,100, kuma ɗauki huɗu yaro ke buƙata. Uwa tana karɓa ba ta ba da ko sisi ba.

Labarin Amurka gaskiya ne. A watan Yunin 2025, a taron tara kuɗi na Gavi a Burasal, sakataren lafiyarta ya sanar cewa sun dakatar da gudummawarsu, wadda take kai kimanin dalar Amurka miliyan 300 a shekara. Gavi ta nemi biliyan 11.9 na shekarun 2026 zuwa 2030, aka yi mata alkawarin sama da biliyan 9. Giɓi ne babba. Amma ka lura da inda ƙarancin kuɗi yake cizo. Yana cizo a man babur ɗin ma'aikacin da zai kai allura ƙauyukan bayan Fitowa da Lagdo, a gyaran firji, a ladan masu bi gida-gida, a yawan kwalaben da za a iya oda a shekara. Abin da ke cikin kwalbar ba ya canzawa, domin babu wani layi a masana'anta da ake zuba na talakawa daban. Kowane zubi yana da lambarsa, hukumar magunguna ta ƙasar da aka yi shi sai ta sake shi kafin ya hau jirgi, ranar ƙarewar aiki kuma tana rubuce a jikin kwalba, kowa zai iya karantawa. Rashin kuɗi yankewa yake kawowa, irin wadda uwar yarinya ta tarar.

A nan ba zan wanke hukuma ba. Yawancin yankewar allura ba daga kamfani take tasowa ba, daga takardar biyan kuɗi ce da ta kwana a teburin wani watanni. UNICEF ba ta sakin oda sai kuɗi sun shiga, kamfani kuma yana buƙatar watanni kafin ya aiko. In baitulmali ya makara a farkon shekara, a tsakiyar shekara firjin Garwa zai zama wayam. Shugabannin Afirka sun sa hannu a Abuja tun 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya, har yau muna nesa da wannan. Wanda ke son faɗa a kan rigakafi, ga wurin faɗa nan, gaban ɗan majalisarsa da magajin garinsa.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kullum sai an zo mana da shi: wai abin da aka biya ya fi wanda aka bayar kyauta. Araha ba ta ado, haka ne a kasuwar atamfa. A rigakafi kuwa ingancin allura yana rataye ne a kan yadda aka riƙe ta daga masana'anta zuwa cinyar yaro, kuma a nan ne mai jaka ya faɗi tun kafin ya yi sallama a zaurenka.

Sai mu ɗauka ma cewa kwalbarsa ta gaske ce. Allurar rigakafi tana zama ne tsakanin digiri 2 da digiri 8, dare da rana, ba hutu. A asibitin da ke aiki yadda ya kamata akwai takarda manne a jikin firji, ana rubuta sanyinsa safe da yamma har ranar Lahadi, da yawa kuma yanzu firjin hasken rana ne wanda bai damu da ɗaukewar wuta ba. Shi mutumin naku ina yake ajiye tasa? In ya yi ƙoƙari, a firjin gida tare da ruwan leda da zoɓo, wanda ake buɗewa sau talatin a yini, a garin da zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, wuta kuma tana tafiya yini guda in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Daga nan ya jefa ta a jaka ya hau babur. Allurar ƙyanda da ta shawara ƙwayoyin cuta ne masu rai da aka raunana. Zafi yana kashe su, ta ƙyanda har hasken rana ba ta so, shi ya sa kwalbarta take da duhu. Kuma in sun mutu ruwan ba ya canza launi ko wari. Za a soka wa yarinya allura, ta yi kuka, ka biya dubu huɗu, kowa ya kwanta da zaton an yi rigakafi, alhali ba a yi komai ba. Sai ƙyanda ta shigo unguwa a gane, sannan a ce ai allurar ce ba ta aiki.

Saboda wannan ne ake manna wata 'yar alama a jikin kwalaben gwamnati ko a murfinsu: da'ira mai ɗan duhu, a tsakiyarta murabba'i mai haske. Duk zafin da kwalbar ta sha, murabba'in yana ƙara duhu, kuma ba ya komawa ko an maido ta cikin sanyi. Muddin ya fi da'irar haske, allura tana da rai. Ya yi daidai da ita ko ya fi ta duhu, sai kwandon shara, ko da saura shekara guda a ranar ƙarewarta. Uwar yarinya tana da damar cewa a nuna mata, ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Wannan ita ce amsar masu cewa ragowa ake kawo mana: ga ranar ƙarewa, ga alamar zafi, a duba da ido.

Masu wayo a cikin 'yan jaka sun ji labarin zafi, sai suka koma ɗaya gefen, suna cusa kwalba cikin ƙanƙara ko a gidan daskarewa na firji. Wannan ya fi muni ga Penta da ta namoniya da ta sarƙewar haƙora. Akwai gishirin alminiyam a cikinsu wanda ke taimaka wa jiki ya amsa, in ya daskare sau ɗaya sai ya dunƙule, ƙarfin allurar ya tafi har abada, ta kuma fi sa kumburi a wurin da aka soka. Alamar da'irar nan ba ta nuna daskarewa. Sai an yi gwajin girgiza, a daskarar da wata kwalba daga zubi ɗaya da gangan, a narkar, a girgiza su tare a ajiye, a ga wacce ta riga kwantawa. Ko a akwatin sanyi da ma'aikata ke fita da shi, ba a sa ƙunshin ƙanƙara kai tsaye daga firiza, sai an bar shi a waje har an ji ruwa yana motsi a ciki. Ka tambayi mai jakarku ko ya taɓa jin wannan.

Duk wannan asarar kuɗi ce da yaudarar kai. Abin da ke kisa shi ne na gaba. Allurar ƙyanda gari ce busasshiya a kwalba mai ɗauki goma, sai an haɗa ta da ruwanta na musamman, wanda kamfani ɗaya ya yi, shi ma mai sanyi. Da zarar an haɗa, awa shida gare ta, ko ƙarshen zaman allurar ranar, duk wanda ya riga zuwa. Babu maganin hana ruɓa a cikinta, kamar madarar da aka tatso aka bari a rana take, ƙwayoyin cuta suna samun wurin hayayyafa. Yaron da aka yi wa irin wannan, cikin 'yan awoyi zai kama zazzaɓi mai zafi da amai da zawo, jini ya faɗi, yana iya cikawa kafin kwana ɗaya. To yi lissafi da kanka. Mutumin da ya sayi kwalba mai ɗauki goma da kuɗinsa, ya samu yara biyu yau, zai zubar da takwas ɗin da suka rage, sefa dubu talatin da biyu? Ba zai zubar ba. Gobe zai kai gidan wani, jibi gidanka.

Ba tatsuniya nake ba ka ba. A Kapoeta ta Sudan ta Kudu, a watan Mayun 2017, yara 15 suka mutu bayan allurar ƙyanda. Bincike ya nuna waɗanda ba su da horo ne suka riƙe aikin, sirinjin haɗi guda suka yi ta amfani da shi kwana huɗu, allurar kuma ba ta cikin sanyi. A tsibirin Samowa a 2018 jarirai biyu suka rasu saboda an haɗa allurar da maganin sakin jijiya maimakon ruwanta. Iyaye suka tsorata suka daina kai yara, shekara ta zagayo ƙyanda ta kashe mutum 83, mafi yawa ƙanana. A duka biyun lafiya lau kwalbar ta fito daga masana'anta, hannun da ya riƙe ta ne ya yi ɓarna. In haka ta faru a inda akwai masu sa ido, ina ga mutum shi kaɗai da jaka, ba mai tambayarsa?

Ga kuma sirinji. Na rigakafi yana kulle kansa bayan tura ɗaya, ba ya sake ja, daga nan sai kwalin ƙonawa. Na kasuwa ana iya wankewa a maimaita, ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke wucewa daga gida zuwa gida. Wurin sokawa ma ilimi ne: ta ƙyanda rabin mililita ce a ƙarƙashin fatar dantse, Penta rabin mililita a naman gefen cinya ta waje, BCG kuwa mililita 0.05 a cikin fata kanta. 'Yan jaka ɗuwawu suka sani, a jariri kuwa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa tana nan kusa, a taɓa ta ƙafa ta shanye, a zo ana cewa shan inna ne ko iska. Sannan akwai abin da ba ya faruwa sai kamar sau ɗaya a allura miliyan, jiki ya ƙi allurar nan take, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Maganinsa adiranalin ne a cinya cikin mintoci, daidai nauyin yaro. Dalilin da ya sa ake cewa uwa ta zauna minti 15 zuwa 30 bayan allura ke nan. Mai jaka ya karɓi kuɗinsa ya tayar da babur.

Duk wannan fa a kan cewa kwalbar ta gaske ce. Sau da yawa ba ita ba ce. A 2015, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Nijar allura ta yi ƙaranci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau mai suna Mencevax da ke yawo a ƙasar, a 2019 aka sake kama irinta a Yamai. Jabu yana bin yankewa ne, kuma iyakokinmu da Najeriya da Cadi kowa ya san yadda kaya ke ratsa su. Tallar da yake yi cewa tasa ba ta sa zazzaɓi ita ce ma ta fi ba ni tsoro. Ruwan gishiri ma ba ya sa zazzaɓi.

Zazzaɓin da 'yarka ta yi bayan Penta, wato allurar cinyar nan, abin da muke tsammani ne. Ɓangaren tarin shiƙa da ke cikinta na cikakkiyar ƙwaya ne, kusan rabin yara suna ɗumi ko kumburi ko rigima na kwana ɗaya zuwa biyu. Akwai irin da ƙasashen Turai ke amfani da shi mai sauƙin zazzaɓi, amma kariyarsa ta fi saurin dusashewa, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu amfani da irin namu su ci gaba. Ta ƙyanda nata salon daban ne, ka faɗa wa Hajiya tun yanzu don kada ta firgita: ba a ranar take nunawa ba, sai kwana 7 zuwa 12, yaro 5 zuwa 15 cikin ɗari su yi zazzaɓi, kaɗan su yi ƙananan ƙuraje, ya wuce cikin kwana biyu, kuma ba ya yaɗuwa. Nono akai-akai, rage kaya, farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinta duk awa shida in ta buƙata. Ban da asfirin, ban da shafa toka ko man zafi ko tsaga a wurin allura. Abin da za a ruga asibiti a kansa shi ne jijjiga, kuka mai tsanani da ya wuce awa uku, ƙin nono, sanyin jiki da langaɓewa, wurin allura ya tara mugunya, ko zazzaɓin da ya haura kwana biyu. Wannan na ƙarshe a yi gwajin cizon sauro, domin yara da yawa sun galabaita a gida ana cewa ai allura ce. Irin waɗannan akwai takardarsu a kowane asibiti, ma'aikata suna kiranta MAPI, ana rubuta lambar zubi a aika gunduma a bincika. Wanda aka yi wa a zaure ba shi da lambar da za a bi.

Maganar ba a buɗe kwalba saboda yaro ɗaya kuwa, ma'aikaciyar ba ta kyauta ba, ko da yake na san tsoron da ya sa ta. Dokar awa shida ce ta sa suke tara yara rana guda, ga kuma shugaba da zai tuhume ta a kan asara in kwalabe sun yi ƙaranci. Amma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: a buɗe ko don yaro ɗaya, an riga an sa asarar a lissafin oda. Uwar da aka kora sau biyu, da wuya ta dawo na uku, kuma daga irin wannan korar ce masu jaka ke samun kasuwa. Ƙyanda mutum ɗaya yana iya shafa wa 12 zuwa 18 a cikin marasa kariya, sai kashi 95 cikin ɗari na yara sun samu ɗauki biyu take barin gari.

Abin yi: ka je da kanka da katin yarinya, ka tambayi shugaban asibitin ranar da suke buɗe ta ƙyanda, ka sa a rubuta maka. Ku isa da safe. In ta shawara ba ta zo ba, a yi ta ƙyanda a ranar, kada a jira. Su biyun masu rai ne, ko dai a yi su rana ɗaya ko a bar mako huɗu tsakani, don haka bayan wata guda ku koma neman ta shawara. A duba ko ta samu bitamin A, da ɗauki na uku na cizon sauro in gundumarku tana cikin masu bayarwa. A rubuta ranar komawa ta wata 15, domin ɗaukin wata tara yana kama kimanin yara 85 ne cikin ɗari, na biyun ke cike sauran. In an sake maido ku, kowane asibitin gwamnati ko na mishan da ke yin rigakafi zai karɓi katin nan, ba dole sai na unguwarku ba, sannan ka kai ƙara wurin wakilin unguwa a kwamitin lafiya ko ofishin gundumar lafiya. Wanda ya nemi kuɗin allura ko na sirinji, ka ce ya ba ka rasit.

Akwai alluran da ake biya bisa ƙa'ida, kamar ta sanƙarau mai nau'i huɗu da Saudiyya ke nema daga maniyyata, ko ta cizon mahaukacin kare. Su ma a cibiyar da hukuma ta amince ake yi, mai firji da rajista da hatimi.

Maƙwabtanka da suka riga suka ba mai jaka yaransu, ka gaya musu su ɗauka ba a yi ba. Su kai yaran asibiti su faɗi gaskiya da ranar da aka yi, a bar mako huɗu daga ranar a sake ta ƙyanda da ta shawara. Ɗaukin ƙari ba ya cutarwa. In kuma wurin da ya soka ya kumbura yana zafi, ko yaro yana jan ƙafa, wannan ba ya jiran mako huɗu, yau za a kai shi, a tafi da kwalbar ko kwalinta in mutumin ya bari.